Yatsun Arseni

Kwagirin Glafira Pavlovna ya sauka a bayan hannun Rimma karo na huɗu tun safe. Wannan karon har fata ta fashe a kan ƙashin yatsan tsakiya.

"Saki sandar nan, Shubina," in ji tsohuwar malamar, tana kiran Rimma da sunan gidansu.

"Na saki."

"Da baki kika saki. Hannun fa? Ko aro kika yi?"

Rimma ta duba. Yatsunta na nan naɗe da sandar da ke jikin bango, jini na bin tsakaninsu, ita kuwa ba ta san lokacin da suka koma can ba. Ta sauko daga kan tsinin takalminta, ta tsotse jinin, ta haɗiye kukan da ya taso mata. Kowa ya san hawaye ba sa taɓa zuciyar tsohuwar nan. Shekara arba'in tana koyar da bale, rawar Turawa ta kan tsinin yatsun ƙafa, a wannan gidan rawar, ta daki mutanen da yanzu ake ba su furanni a Mosko, kuma ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan da faɗuwar Rimma a kan dandamali, gida cike da 'yan kallo. Idon sawunta na dama ya karye gida biyu. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, har ya fi na da ƙwari, kuma ba ƙarya ya yi ba. In tana riƙe da sanda, za ta hau tsinin yatsun ƙafa ɗaya ta tsaya cak har mai piyano ta gaji. Amma da zarar an ce ta matso tsakiyar ɗaki, inda ba abin dafawa, sai hannunta ya shiga lalube a iska.

Saura kwana tara kwamitin gidan ya zauna a kanta, ranar Juma'a ta sama. Abu ɗaya za su nema. Ta hau tsinin ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar ta baya, namiji ya riƙe hannunta ya zagaya da ita sau ɗaya, sannan ya saki, ta tsaya ita kaɗai har a ƙirga takwas. In ta tsaya, sunanta ya zauna a jerin masu rawa. In ta kasa, sai ta tattara ta koma garinsu tana da shekara ashirin da bakwai, ta koya wa 'ya'yan ma'aikatan masana'anta tsalle-tsalle. Tun tana 'yar shekara tara ba ta san wani abu ba a duniya sai wannan.

"Ba ƙafata ba ce, Glafira Pavlovna," in ji ta. "Wanda aka taɓa saki a gaban mutum dubu, ba ya sake yarda da kowa. Da Arseni bai sake ni ba..."

"Arseni," in ji tsohuwar, kamar tana tauna sunan. "Gobe ki zo kafin aji, ƙarfe tara. Ki zo da sabon takalmi."

Arseni shi ne abokin rawarta na shekara shida. Shi ke riƙe da hannunta ranar da ta faɗi. Bai je asibiti duba ta ba, bai aiko da ko tuffa ɗaya ba, kuma tun da ta dawo ba ta sa shi a ido ba. Ba ta tambayi inda yake ba. Ta dai gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa matsoraci ne, ya ji nauyi ya zare hannu. Mutane kan dubi ƙasa, ita kuma ta ɗauka tausayinta suke ji.

Washegari ta iso da sanyin safiya, dusar ƙanƙara a kafaɗar rigarta, sabon takalmi a hannu. Sabon takalmin tsini sai an karya shi kafin a saka, a matse shi a bakin ƙofa, a buga shi a matakala, domin kansa da tauri yake zuwa kamar itace. Tana tura ƙofar ɗakin horo da niyyar fara wannan aikin sai ta ga mutum a tsakiyar ɗaki, sanye da rigar ma'aikatan bayan fage, yana yayyafa wa daɓen katako ruwa da butar ban-ruwa. Haka ake yi kullum kafin aji don kada takalmi ya zame. Ya ba ta baya, yana tafiya a hankali, butar a hannun hagu. Ko a cikin mutum ɗari ta san wannan bayan.

Ba ta yi tunani ba. Ta isa gare shi, yana juyowa ta maka masa kan takalmin a baki.

Butar ta faɗi, ruwa ya malale. Leɓensa ya tsage, ya tofar da jini. Ta sake kai masa, ta same shi a kunne, ta sake, tana ihu.

"Matsiyaci! Matsoraci! Ka kashe ni ka zo kana ban-ruwa!"

A na huɗu ya cafke wuyanta da hannun hagu, ya tura ta baya-baya har ƙeyarta ta bugi madubi. Madubin ya tsage daga sama har ƙasa. Numfashinta ya tsaya. Ta yakushi wuyan hannunsa, ta shure shi a ƙauri, bai ko motsa ba; mutum ne da ya shekara shida yana ɗaga ta sama kamar kwando. Ya kai hannun dama bakinsa, ya ciji safar ulun da ke hannun ya zare ta da haƙori, ya ɗora mata hannun a gaban ido.

"Duba, Rimka," in ji shi, da sunan da ya saba kiranta. " Duba da kyau."

Babban yatsan ya koma gefe. Biyu na kusa da shi sun karkace, gaɓoɓinsu sun kumbura sun yi shuɗi, ga tabon ɗinki ya bi tafin har wuyan hannu. Ya gwada dunƙule shi, yatsun suka yi rawa suka tsaya a rabi.

"Ban sake ki ba, 'yar banza. Kin karkata, kika murɗe su baya don ki tsaya. Uku suka karye, ina jin ƙararsu ɗaya bayan ɗaya, ina murmushi wa 'yan kallo. Da biyun da suka rage na riƙe ki har suka kasa."

Ya sake ta, ta sulale ƙasa tana tari.

"Ƙarya kake yi," in ji ta da muryar da ba ta fita sosai.

"Ba ƙarya yake yi ba."

Glafira Pavlovna ce a bakin ƙofa, ta dogara da kwagirinta, ga alama ta jima a wurin. Ta shigo tana kauce wa ruwan da ya zube, ta zauna a kujerarta.

"Gidan nan kaf an sani, har mai tsaron ƙofa. Ni na hana a gaya miki kina kwance. Shubina, ba ki taɓa tsayuwa da ƙafarki ba a rayuwarki. Tun kina shekara goma sha biyu na ga kina rataya a jikin abokin rawa. Amma ƙafafunki kyau gare su, na yi kwaɗayinsu, sai na riƙa zaɓo miki ƙarfafan yara. Wannan laifina ne, kuma shi ya biya. Tashi ki karya takalminki."

Kunya ta kama Rimma irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta fi shaƙar zafi. Ta tuna duk mutanen da ta tsayar a matakala tana zaginsa, da yadda suke duban ƙasa. Ta je bakin ƙofa ta matse takalmin, akwai jinin Arseni a kan farin yadinsa.

Da ta ɗaure ta dawo, ta nufi sandar bango. Kwagiri ya tare ta.

"Kin gama da wannan. Ga sandarki can."

Arseni na tsaye a tsakiyar ɗaki, ya miƙo hannun dama.

"A'a," in ji Rimma. "Don Allah, Glafira Pavlovna. Ya ba ni na hagu."

"Na hagun zai ɗauke ki, kamar yadda aka saba ɗaukar ki. Wannan ba zai ɗauki ko kofin shayi ba."

Rimma ta dube shi. "Kai kuma me ya sa ka yarda? Hauka kake yi?"

Ya goge leɓe da kafaɗa, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Shekara shida ina murmushi. Yau ba 'yan kallo. So nake ki ji abin da nake haɗiyewa."

Ta ɗora yatsunta a kan nasa. Sanyi gare su. Mai piyano, wadda ta shigo ta tarar da madubi a tsage, ta zauna ta fara kiɗa. Rimma ta hau tsini, ta ɗaga ƙafar baya, ta rantse a ranta ba za ta danna ba.

Ihun da Arseni ya kurma sai da piyano ya tsaya. Ba ihun wasa ba ne, daga cikinsa ya fito, ya durƙusa ya rungume hannun a ƙirji. Rimma ta faɗo kan ƙafa biyu tana rantsuwa ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Haka kike cewa kullum," in ji shi, goshinsa na gumi. Ya miƙe ya sake miƙo hannun. "Zo, buhun dankali."

Sau goma sha ɗaya ya yi ihu a safiyar nan. Bayan na ƙarshe Rimma ta ruga bayi ta amayar da burodi da shayin da ta karya da su.

Haka aka yi ta yi kullum, awa ɗaya kafin aji. Shi zai yayyafa ruwa, ya ajiye buta, ya zare safa. Ita za ta hau, shi ya yi ihu, tsohuwa ta kai mata kwagiri a duk inda ya karkace. Cinya ta sha, haƙarƙari ya sha, bayan wuya ya sha.

"Ƙugu a kan yatsa! Ja cikin nan, ba kasuwa kika zo ba. Ina idonki? Nemi ƙusa ɗaya a bango ki kafe ta. Nauyinki naki ne, Shubina, ba wanda ya haife shi sai ke."

Abin da dukan kwagiri bai koya mata ba a wata uku, ihu ya koya mata a kwana huɗu. Sandar bango ba ta taɓa gaya mata lokacin da take jingina ba, shi kuwa hannun nan ba ya yafe ko nauyin tsinke. Ta fara gane cewa tun kafin ta danna, akwai wani ɗan motsi da ƙugunta kan yi zuwa gaba, kuma daɓen ɗakin, da yake a gangare aka yi shi kamar dandamali, yana ƙara ingiza ta. In ta kama wannan motsin da wuri ta mayar da shi, ihun ba ya zuwa. Farcen babban yatsan ƙafarta ya yi baƙi ya fita, ta naɗe wurin da auduga ta ci gaba. Hannun Arseni ya kumbura har safar ta daina shiga.

Ranar Talata ta same shi a ɗakin cin abinci yana fama da cokali a hannun hagu, miyar kabeji na zuba masa a riga. Ta zauna a gabansa.

"Senya, kada ka zo gobe," in ji ta, da sunan da take kiransa lokacin suna shiri.

"Oho. Yau kuma ni ne Senya?"

"Zan gama lalata maka shi."

"Kin makara." Ya kurɓi miya. "Jiya sau uku na yi ihu, yau sau ɗaya. Kin san me? Haushi nake ji. Na so a ce kin fi haka daɗewa."

"Ka yafe mini."

"A'a," in ji shi, ba tare da fushi ba. "Miƙo gishirin nan."

Ranar Juma'a aka jera kujeru biyar a gaban tsagaggen madubin. Shugaban kwamitin, wani mai tumbi da ya bar rawa tun kafin a haifi Rimma, ya ga Arseni ya fito cikin baƙin wandon rawa da farar riga, ya ɗaure fuska.

"Glafira Pavlovna, wannan ai ma'aikacin bayan fage ne yanzu."

"Hannu kawai zai miƙa. Ko kai za ka tashi ka miƙa?"

Shugaba ya gyara zama, ya kau da kai.

Arseni ya shafe safiyar a ɗakin sauya kaya yana kokawa da maɓallai da hannu ɗaya. Wata takwas shi ke yayyafa ruwa a ɗakin nan, har mutane suka manta aiki ne da wani ke yi. Yau da ya koma mai rawa, ba wanda ya tuna da buta, har shi kansa. Tana can bayan piyano cike da ruwa, daɓe kuwa ya bushe ƙayau da zafin bututun ɗumama ɗaki.

Rimma ba ta lura ba sai da ta hau. Ta ɗora yatsu a kan nasa, ta ɗaga ƙafa, ya fara zagayawa da ita a hankali. Rabin zagaye lafiya lau. Suna juyowa wajen gangare sai ta ji tsinin takalmin ya tafi, ba jijjiga, ba gargaɗi, ya zame kawai daga ƙarƙashinta.

Hannun Arseni na nan cikin nata. In ta damƙe ta murɗa, za ta tsaya. Jikinta ya san yadda ake yi, ya yi shekara goma sha biyar yana yi. Ta ga ma Arseni ya cije leɓe ya ƙanƙame kafaɗa, ya shirya yin shiru saboda kwamiti.

Ta buɗe yatsunta.

Da fuska ta sauka. Ƙarar ta cika ɗakin, wata mata a cikin kwamitin ta yi ƙara ta rufe baki. Rimma ta ji hancinta ya ba da wani sauti a cikin kanta, ta ga fari, sannan ta ji ɗumi na gangarowa bakinta. Ta tofar da guntun haƙori. Abu na farko da ta yi shi ne ta juya idon sawunta. Yana juyawa.

"Ya isa haka," in ji shugaba yana miƙewa. "A kira likita. Mun ga abin da za mu gani."

"Ba ku ga komai ba," in ji Rimma.

Ta dafa ƙasa ta tashi. Ta wuce ta gabansu jini na ɗiga a ƙirjinta, ta zagaya bayan piyano ta ɗauko butar. Ta bi tsakiyar ɗaki tana yayyafawa, layi-layi, yadda aka koya musu suna 'yan aji ɗaya. Arseni ya ga butar, fuskarsa ta yi fari fat.

"Rimka, ni ne... na manta..."

"Rufe mini baki ka miƙo hannu."

Shugaba ya buɗe baki zai yi magana, kwagirin Glafira Pavlovna ya bugi daɓe sau ɗaya. Mai piyano ta san wanda take tsoro a cikin su biyun. Ta fara kiɗa.

Rimma ta hau. Hancin ya toshe, da baki take numfashi, hawayen zafi ya sa ba ta ganin ƙusar da ta saba kafewa a bango, sai ta kafe tsagar madubi. Tsoro na nan bai je ko'ina ba, amma abin da take tsoron ya riga ya faru, ga ɗanɗanonsa a bakinta, kuma ga ta a tsaye. Ƙugunta ya so ya tafi gaba, ta mayar da shi. Ɗakin ya juya a hankali, kujeru suka wuce, taga ta wuce, piyano ya wuce, tsagar madubi ta dawo. Ba ta san lokacin da Arseni ya janye ba. Ta dai ji muryar tsohuwar na ƙirga, ta wuce takwas, ta kai goma, ta kai goma sha biyu.

"Sauko, Shubina, kafin ki cika mana ɗaki da jini."

Ta sauko a hankali ta rufe ƙafafu. Kwamitin suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, ba a jima ba shugaba ya ce sunanta ya zauna, ta je a gyara mata hanci. Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna tsallake jinin. Glafira Pavlovna ta tsaya a gabanta, ta taɓa mata kafaɗar hagu da kan kwagiri ta ce ta yi sama da yawa, Litinin za a gyara, sannan ita ma ta fita.

Arseni na tsaye inda ta bar shi, yana juya hannun nan yana kallo.

"Ban ji ki ba," in ji shi. "Ko kaɗan. Kin ma riƙe ni kuwa?"

"Na riƙe."

"Ashe haka ake ji." Ya sauke hannun. "Da haka kika yi tun farko, da yanzu ina rawa."

Murnar da ta jira wata goma sha ɗaya ta zo, amma ta kasa zama a ƙirjinta. Ba wanda ya ambaci sunansa a kwamitin. Arseni ya duba agogon bango, saura kwata aji na gaba ya shigo. Ya je bayan piyano ya ɗauko tsumma da bokiti, ya durƙusa da farar rigarsa ta rawa a gaban jininta, ya tsoma tsumman, ya tsaya yana neman yadda zai matse shi da hannu ɗaya.

Rimma ta durƙusa kusa da shi ta karɓe tsumman. Bai hana ta ba.